Sallah Ta Wuce Ta Bar Wa Da Bashi? Daga Hawan Rumfa Zuwa FESTAC '77

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba. Ku karanta a tsanake, akwai ɗan tsayi.

Abin da ya jawo shirin yau gardama ce da ta kaure a majalisarmu kwana uku bayan Sallah. Wani abokinmu ya ci bashi a irin manhajojin nan na waya don ya yi shadda da takalmi, yanzu ga shi ana ta tura wa 'yan uwansa saƙo ana tona masa asiri. Sai wani ya ce ai dama duk wani biki asara ne, daga ɗinkin Sallah har hawan sarki har faretin 1 ga Oktoba, a soke su kowa ya huta. Nan take wani a cikinmu ya fusata. Mahaifinsa baduku ne, kayan doki yake yi. Ya ce, "Malam, shekarar da ba a yi hawa ba, sai da muka sayar da firjin gidanmu. Kai kana ganin kallo, mu abincinmu ne."

Wallahi na rasa bayan wa zan bi, don kowa da gaskiyarsa. Shi ya sa na ce bari mu koma baya mu ga yadda wannan kashe kuɗi ya samo asali a ƙasarmu, da abin da ya bari a duk lokacin da aka yi shi.

Mu fara da Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara Sallar Idi a wani fili da ake kira Shadakoko. Shi ne kuma ake jingina wa dawakin zage, da kakaki, da figini. Amma ku lura, wannan sarkin da ya ƙawata fitar Idi shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa. Ado da aiki tare suka tafi a hannunsa.

To mene ne amfanin hawa a wancan lokaci? Doki shi ne motar yaƙi. Idan hakimai suka shigo birni da dawakansu, da 'yan lifidi da 'yan sulke, sarki yana ganin ƙarfinsa da idonsa, yana ganin wanda ya zo da wanda ya noƙe. Jafin nan da mahaya ke yi, su sukwano su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu, jaddada mubaya'a ce. Talaka shi ma yana ganin sarkinsa ido da ido a cikin unguwa. Har yau a Kano sarki da ƙafa yake tafiya filin Idi, sai a dawowa ya hau doki. Washegari a yi Hawan Daushe, ya je Babban Ɗaki ya gaida mahaifiya. Ka ga akwai tarbiyya a ciki, akwai siyasa, akwai tsaro.

Sannan ga kasuwa. Doki ɗaya kafin ya fito, mutum nawa ya ci abinci a kansa? Mai sassaƙa sirdi, baduku, maƙerin da ya yi linzami da likkafa, mai jalala, mai sayar da harawa da dusa, yaron da ke wanke shi. Mahayin kuma ga marini, ga mai aikin babbar riga, ga mai bugu, ga mai naɗa rawani. Ga masu algaita da tambari. Kuɗin yana fita daga aljihun mai hali yana shiga lungu-lungu na birni.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya fiye da kima. Dawakin hakimi ba iska suke ci ba. Harajin manomi da jangalin makiyayi su ke riƙe da wannan ado. Irin wannan nauyi na cikin abin da ya haifar da NEPU a Kano a 1950, kuma shi ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Tambayar wa ke biyan kuɗin kallo ta girmi kakanninmu.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma daga nan aka samu wani sabon nau'in hawa. Kalmar "daba" da muke faɗi a Hawan Daba daga Indiya suka zo da ita, asalinta kalmar Farisanci ce mai nufin fadar sarki. A Indiya aka haifi Lugga, ya kuma yi aikin soja a can, inda Ingila ta saba tara sarakunan ƙasar su yi mata mubaya'a a bainar jama'a. Irin wannan aka kwafo. A 1925 aka yi wa Yariman Ingila daba a Kano. A 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna, sarakuna suka taho daga sassan Arewa da dawakai da mutane masu ɗimbin yawa.

Ku duba bambancin. A Hawan Sallah sarki ne ke ratsa unguwanni jama'arsa na ganinsa. A daba kuwa baƙo ne ke zaune a rumfa, sarakuna na wucewa ta gabansa. Dawakai ɗaya, kiɗa ɗaya, amma wanda ake yi dominsa ya canja. Hatta Hawan Nasarawa akwai wannan tabo a jikinsa, don ziyarar da sarki ke kai wa Razdan ce ta koma ziyarar Gidan Gwamnati. Tun daga nan muka gaji bikin da ake shiryawa don a burge baƙo, kuma irinsa ne ya fi cin kuɗi.

Yanzu mu zo kan babban misalinmu, FESTAC '77. Da yawa a cikinmu sunan unguwa muka sani a Legas, ba mu san biki ba ne. Bikin baje al'adun baƙar fata na duniya ne karo na biyu. Na farko a Dakar aka yi shi a 1966, zamanin Shugaba Senghor. Najeriya ta karɓi na biyun, yaƙin basasa ya jinkirta shi, juyin mulkin 1975 da ya kawo Murtala ya ƙara jinkirta shi, sai a hannun Obasanjo aka yi, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977.

A tsakanin nan wani abu ya faru. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi suka yi wa gwamnati ambaliya. Lokacin ne na maganar nan da ake jingina wa Janar Gowon, cewa matsalar Najeriya ba kuɗi ba ce, yadda za a kashe su ne. To an kuwa samo yadda za a kashe su.

An gina babban ɗakin wasannin ƙasa a Iganmu, aka kwafo fasalinsa daga wani gini da ke birnin Varna na ƙasar Bulgeriya. An gina sabon gari guda, gidaje kusan 5,000, don saukar baƙi, shi ne Festac ta yau. Mahalarta wajen 16,000 suka zo daga ƙasashe sama da 50. Stevie Wonder ya zo daga Amurka, Miriam Makeba ta zo, Gilberto Gil ya zo daga Burazil. Rabon Arewa shi ne gagarumin hawan daba a Kaduna, aka kuma gina otal ɗin Durbar don baƙin da za su zo kallo. Ƙiyasin da aka fi ambata na kuɗin da bikin ya ci shi ne wajen dala miliyan 400, a kuɗin wancan zamani fa.

Zan yi adalci. FESTAC ba shirme ba ne. Ku tuna shekara bakwai kacal da gama yaƙin basasa, kuma Afirka ta Kudu na ƙarƙashin wariyar launin fata, Zimbabwe da Namibiya ba su samu 'yanci ba. A ce baƙar fata daga kowace kusurwa ta duniya sun taru a ƙasar baƙar fata, da kuɗin baƙar fata, wannan abin alfahari ne. Alamar bikin ma darasi ce: fuskar Sarauniya Idia ta Benin da aka sassaƙa da hauren giwa, wadda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Najeriya ta nemi gidan tarihin Birtaniya ya ba da aronta, aka hana, dole masassaƙanmu suka yi wata. Mutane da yawa a lokacin suka fara sanin cewa kayan tarihinmu na hannun wasu. Gwamnatin nan kuma ita ce ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta, UPE, a 1976. Ba za a ce ba ta san makaranta ba.

To amma me ya biyo baya?

Fela Kuti yana cikin kwamitin shirye-shirye da farko, ya fice, ya koma gidan rawarsa yana caccakar yadda ake facaka da kuɗi, manyan baƙin bikin ma suna zuwa kallonsa da dare. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwana shida da rufe biki, sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga. Ta rasu a watan Afrilun 1978. Ƙasar da ta gama karrama mawaƙan duniya ke nan.

Sannan kuɗin mai ya ja baya. Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1978 ta ciwo bashin dala biliyan 1 daga bankunan waje. A shekarar ce aka ƙara wa ɗaliban jami'a kuɗin abinci. Ɗalibai suka fito a watan Afrilu ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUNS, wadda Segun Okeowo ke jagoranta, suna neman a cire kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Shi ne boren da ake kira "Ali Must Go". An harbe ɗalibai a Legas, an harbe a Samaru, Zariya. Aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar.

Ban ce FESTAC kaɗai ya jawo wannan ba, akwai faɗuwar kuɗin shiga, akwai sauran ɓarna irin ta jiragen siminti da suka toshe tashar Legas a 1975. Amma ka sa kanka a matsayin ɗalibin ABU na 1978. Bara ka ga an tara dawakai a Kaduna an gina otal don baƙi, bana an ce maka babu kuɗin tallafa wa tuwonka. Da wane baki za a lallashe ka? Ni nan ne abin ya fi taɓa ni, don waɗannan sa'o'inmu ne a lokacinsu, wasu ma ba su kai shekarunmu ba.

Gine-ginen fa? Festac dai ta zama unguwa, mutane na zaune a ciki har gobe, wannan riba ce duk da lalacewar da ta yi. Ɗakin wasannin Iganmu ya yi shekaru yana ruɓewa, sai da Babban Banki da kwamitin bankuna suka sake zuba kuɗi aka gyara shi, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Otal ɗin Durbar kuwa ya zama kango a tsakiyar Kaduna, ana ta shari'a a kansa, har gwamnatin jiha ta rushe shi a watan Janairun 2020. Wanda ya wuce ta wurin kafin a rushe ya san abin da nake faɗa.

Abin mamaki, a ƙarshen shekarar 1977 ɗin nan aka yi wani biki a Afirka ta Tsakiya. Ranar 4 ga Disamba, Jean-Bédel Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna, a wani buki da aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 20 a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya, da karagar mulki mai siffar gaggafa, da dawakai daga Faransa. A 1979 'yan makaranta suka yi bore kan tilasta musu sayen yunifom mai tsada, aka kashe yara kusan 100, a watan Satumba aka tumɓuke shi. Can ma matasa ne suka biya kuɗin kallo da jininsu.

Mu matso zamaninmu. A 2010 Najeriya ta cika shekara 50, aka ware biliyoyin naira don biki, 'yan ƙasa suka yi ta ƙorafi. Ranar 1 ga Oktoba ana cikin fareti motoci biyu suka tashi da bam kusa da Dandalin Eagle a Abuja, aƙalla mutum 12 suka mutu, ƙungiyar MEND ta ɗauki alhaki. Shekarun da suka biyo baya sai aka koma yin bikin a taƙaice a cikin fadar shugaban ƙasa. A 2025 ma gwamnati ta soke faretin gaba ɗaya. Tsakani da Allah, a cikinku wa ya ji wani abu ya ragu a rayuwarsa?

Ku kwatanta da lokacin da aka dakatar da hawa a Kano, a 2020 saboda korona, sannan daga Babbar Sallar 2024 saboda rikicin masarauta. Nan kam an ji a jika. Badukai, masu hayar doki, masu hoto, masu otal, masu fura da tsire a bakin hanya, kowa ya koka. Kuma a watan Disamban 2024 ne UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Biki biyu aka dakatar, ɗaya ba wanda ya yi kewarsa sai 'yan kwangila, ɗaya kuma ya taɓa tukunyar dubban gidaje. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a yi wa bukukuwa kuɗin goro.

Akwai kuma waɗanda suka gwada wata hanya. Maƙwabtanmu na Nijar, tun zamanin Seyni Kountché a shekarun 1970, sun mayar da ranar 'yancinsu, 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Bikin 18 ga Disamba kuma suka riƙa kewayawa da shi jiha-jiha, duk garin da ya karɓa a yi masa tituna da gine-gine: Dosso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. 'Yan uwanmu na can za su gaya muku an yi ƙorafin ayyukan da aka bari ba a gama ba, amma aƙalla tunanin shi ne biki ya tafi ya bar kwalta. A Tanzaniya kuma, a 2015 Shugaba John Magufuli ya soke bikin 9 ga Disamba ana tsakiyar annobar kwalara, ya ce kowa ya fito shara, ya karkatar da shilin biliyan 4 zuwa faɗaɗa wani titi a Darussalam. Mutumin yana da nasa laifin wajen danne 'yan adawa da 'yan jarida, amma titin yana nan ana bi.

To mu dawo gida, kan abokina mai bashin shadda. Addini bai hana farin ciki ranar Idi ba, ya ma yi umarni da shi. Amma ku duba yadda aka tsara abin. Kafin ka tafi Idin Ƙaramar Sallah sai ka fitar da zakkar fidda kai, don kada wani gida ya wayi gari babu abin ɗorawa. Layya kuma a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko, wanda ba ya buƙatar kuɗin ragon don larurar gidansa. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, sukan bar yin layya don kada mutane su ɗauka farilla ce. A Maroko, ƙasar Malikawa irinmu, Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a a 2025 da su haƙura da yanka saboda fari ya cinye dabbobi, kamar yadda mahaifinsa Hassan na Biyu ya yi a 1963 da 1981 da 1996. Mu kuwa mun ƙara wa kanmu abin da ba a ɗora mana ba: kala uku, anko, hoton sutudiyo, ragon da maƙwabci zai gani ya yi shiru. Hausawa sun daɗe da cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Ga inda na tsaya. Kuɗin biki yana da amfani idan mai kashe shi nasa ne, yana da halinsa, kuma kuɗin a cikin gari zai zagaya. Attajirin da ya sayi raguna goma daga hannun makiyayi ya raba wa unguwa, ya yi wa yaran maƙwabta ɗinki a wajen telan layinsu, ni ban ga asara a nan ba. Masarauta ta yi hawa, gwamnati ta ba da tsaro da ruwan sha da motar asibiti, wannan ma ina goyon baya. Inda nake da ja shi ne kuɗin baitulmali. Idan gwamna ya sayi raguna da shanu da kuɗin jama'a ya aika gidajen manyan da suka fi ƙarfin rago, alhali 'yan fansho na jiran haƙƙinsu, ladan wa ake nema? Idan aka ce an ware kaza don ciyarwar azumi ko bikin cikar jiha shekara kaza, wa ya ga lissafin?

Kuma muna da hanyar tambaya. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi bayani, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa. Jihohi da dama yanzu suna sa kasafin kuɗinsu a intanet. Ku sauke na jiharku, ku nemo layin bukukuwa da karɓar baƙi da kyaututtuka, ku ajiye shi gefe da na asibitin ƙaramar hukumarku. Ku ɗauki hoton shafin ku turo mana, za mu karanta a shiri na gaba, da sunan jiha da lambar shafi, ba tare da zagin kowa ba.

Shi kuma abokin namu, mun yi karo-karo a majalisa mun biya masa rabin bashin, da sharaɗin baɗi shaddar bana zai wanke ya kai wa mai bugu. Ɗan badukun nan ne ya fara ajiye nasa kason.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku, wane biki ne in an soke za a ji a tukunya, wane ne kuma ba wanda zai lura? 'Yan Zazzau, Katsina, Bida, Damagaram da zangon Kumasi, muna jiran naku labarin. Wanda kuma iyayensa suka ga dabar Kaduna ta 1977, don Allah ya tambayo mana su.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum.